Tamfol ɗin Baban Sadiya

A Kamba na fara gane cewa kayan da na ɗauko mai jan ido ne. Ina sauka daga mota, tun ban gyara mayafina ba, maza suka kewaye ni. Ba tukwanena suke kallo ba, ba kuma buhun waken da na riƙo ba. Naɗin tamfol ɗin da aka sauko mini da shi daga saman mota, shi ne ya tsone musu ido. Wannan ya dafa, wancan ya murza bakinsa da yatsa, wani ma har da durƙusawa yana leƙa cikin naɗin.

"Hajiya, na sayarwa ne?"

Na ce a'a. Ya ce ai duk abin da ya zo Kamba na sayarwa ne. Na ce to wannan wucewa ya zo yi, ba zama ba. Na hau kansa na zauna na miƙe ƙafa, har suka gaji suka watse.

Tamfol ɗin na mijina ne, baban Sadiya, Allah ya jiƙansa. Direban babbar mota ne, Kano zuwa Kwatano ta Gaya, ta ƙetaren iyaka ba ta Kano ba, ita ce hanyar da ya yi ta bi har ƙarfinsa ya ƙare. Mota ta maigidansa ce, amma tamfol nasa ne, da guminsa ya saya. Kore ne, mai kauri, irin wanda mutum ɗaya ba ya iya naɗewa. Da ya rasu aka raba abin da za a raba, ni da 'yata Sadiya abin kirkin da ya zo hannunmu shi ke nan. A kusurwa ɗaya akwai zoben ƙarfe, a jikin zoben akwai wata shuɗiyar igiya da shi da kansa ya ɗaura ranar da ya kawo tamfol ɗin gida, ina tsaye a kansa ina yi masa tsiyar ya sayo wa giwa bargo. Rana da ruwa sun bi ta kan ƙullin nan har ya sandare, ko da haƙori ba ya kwantuwa. Ni ma ban taɓa gwada kwance shi ba. In kewa ta taso mini, shi nake damƙewa a hannu.

Abin da ya kai ni Gaya kuwa maganar mutum ce. Alhaji Idi, abokin marigayi, mai motocin ɗaukar kaya a can, ya zo mana ta'aziyya har ƙauyenmu na wajen Gwarzo. Ya yi kuka har da fyace hanci. Ya ce tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil komai ta jirgin ruwa yake ƙetarewa, 'yan dako da direbobi sun cika bakin ruwa, mai abinci ba ta kwana da sauran tukunya. "Matar ɗan'uwana, in zama ya yi miki wuya ki taho. Gidana gidanki na." Zama kuwa ya yi wuya. Na bar Sadiya wurin mahaifiyata, na taho.

Daga Kamba babur na hau, kabu-kabu suke ce masa. Ni a wani, tamfol da tukwane a wani, wuyana har ya ƙage don waiwaye. A wani wuri cikin gonaki muka tarar da igiya an gitta a hanya, an rataya mata tsummoki, wasu mutane na zaune a gindin bishiya. Ba kaki a jikinsu, ba takarda a hannunsu, amma da suka ɗaga hannu masu babur suka tsaya cak. Suka ce sai an warware tamfol, wai an sha ɓoye abubuwa a irinsa. Na rantse, na roƙa, na ambaci maraici. Suka warware shi tsaf a kan turɓaya, suka bi ta kansa da takalma, ba su ga komai ba, suka koma inuwarsu. Masu babur suka ce su ba naɗin tamfol aka ɗauke su ba.

Na kama kusurwa ɗaya na ja, ɗaya gefen ya tattare. Na koma can, nan ya zame. Gumi yana shiga idona, mutanen gindin bishiya suna dariya da wani yare da ban sani ba. Sai wata Bafillatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a bakin hanya, ta zo ta kama ɗaya bakin. Muka ninka, muka haɗu a tsakiya, muka sake ja da baya, har ya koma naɗinsa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau ina sa ta a addu'a.

Gidan Alhaji Idi ba shi da wuyar nema, kowa ya san shi. Shiga ne ke da wuya. A dakalin ƙofar gida na wuni, ana wuce ni da kwanukan abinci. Da la'asar ya fito, ya dube ni kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san ni, sannan idonsa ya sauka a kan naɗin da nake zaune a kai. Nan take ya tuna.

"A'a, matar ɗan'uwana! Har da bash ɗin marigayi kinka taho?" Bash suke ce wa tamfol a can, babbar mota kuma kamyo. Ya tsuguna ya shafa shi. "Mi mace za ta yi da bash na kamyo? Ki bar shi nan in aje miki. Ni in ba ki buhunnan da za ki ɗinka rumfa, kamar yadda kowa ka yi."

Na ce Alhaji na gode, amma a ƙarƙashinsa zan yi sana'ata. Ya sake cewa, na sake cewa. Fara'ar ta tafi kamar an ɗauke wuta. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce gidan cike yake da baƙi, amma zai sa a kai ni wurin Sarkin tasha a ba ni fili. Gidan da aka ce gidana ne, iyakata da shi dakali.

Bakin ruwan Gaya ba wurin mai sanyin jiki ba ne. Kogin da muke ce wa Kwara su Isa suke ce masa, faɗinsa ya ba ni tsoro, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na rafin garinmu ba. Kwale-kwale suna zuwa suna tafiya shaƙe da buhuna da mutane da babura, 'yan dako suna shiga ruwa har ƙugu, kowa yana ihu. Daga sama kaɗan akwai layin rumfunan mata masu abinci. Sarkin tasha, wani dogon dattijo mai sandar ƙarfe, ya kai ni can ƙarshen layin ta gabas, inda ba wanda ke so, ya zana mini fili da sandarsa. Ya ce ƙa'ida ɗaya ce: mai rumfa ita ke da fili, ranar da rumfa ta tashi fili ya tashi, don masu jira suna da yawa.

Akwai kuma wata ƙa'idar da bai faɗa ba, sai da na gani. A layin nan ba mai dirkarta ita kaɗai. Dirka ɗaya rumfa biyu take ɗauka, taki da ta maƙwabciyarki, kowa ta ɗaura igiyarta a jiki. Tawa maƙwabciyar wata tsohuwa ce 'yar Dandi mai suyar kifi, Hamsa, gajeriya, baƙa, mai hannu kamar na maƙeri. Na gaishe ta da ladabi, na ce Inna sannu da aiki. Ta dubi tamfol ɗin da nake warwarewa, ta dube ni, ta tofar da yawu gefe.

"Wanga ba rumfa ba ta, jirgi na. Kai shi ruwa."

Matan layin suka fashe da dariya. Tun daga ranar sunana ya ɓace, ba mai ce mini Rabi, sai 'yar Kano. In na roƙi garwashi a ce wuta ta mutu, alhali ina ganin ta tana ci. In na bar bokitina a layin famfo, in dawo in tarar da shi a baya. Hamsa kuwa ta juya bakin murhunta ta yadda hayaƙi zai riƙa shigo mini, har gefen tamfol ɗin da ke wajenta ya yi baƙi ƙirin. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta tsaya ta ƙare masa kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta zage shi da Dandanci, ta zage shi da Hausa don kada in ce ban ji ba. Ni ma ba kanwar lasa ba ce. In ta faɗi ɗaya in mayar mata da biyu, in ƙara mata da tsaki.

Laifina a wurinsu ba ɓoyayye ba ne. Rumfunansu na buhu ne da leda, inuwar ba ta wuce ta mai ita da tukunyarta ba. Tawa kuwa mutum goma za su zauna su miƙe ƙafa. Direbobin Najeriya suka gano ni, ga shinkafa da wake da mai da yaji irin na gida, ga inuwa mai sanyi. Wasu ma su sayi kifin Hamsa su zo su ci a rumfata, tana kallo. In na ce ban ji daɗin haka ba na yi ƙarya.

Amma in kasuwa ta lafa, na wanke tukwane, sai garin ya yi mini faɗi. Kowa na hira da yaren da ba na ji. Ranar da na samu na kira gida, Sadiya ta ce, "Umma, Gaya ɗin ta fi Kano nisa?" Na ce kaɗan. Ta ce to me ya sa ba na dawowa da yamma. Na kashe wayar na je kusurwar shuɗiyar igiya na zauna. Na yi kewar 'yata, na yi kewar ubanta, na kuma ji haushinsa da ya yi abota da irin su Alhaji Idi.

Ita shuɗiyar igiyar, da yake ta fi sauran ƙwari, ita na kai jikin dirkar da muke tarayya da Hamsa. Sauran kusurwoyin na ja su zuwa turakun ƙarfe da na kafa a ƙasa. Da farko ɗaurin da na ga matan suna yi shi na kwaikwaya: a zagaya igiya sau biyu, a cusa ninki maimakon baki, a bar jela tana lilo. Na ɗauka ƙyuya ce ta sa suke haka, don ko akuya ta ja jelar nan ɗaurin ya tafi.

Damina na kawo kai, wata rana na shiga gari sayen shinkafa. Na bar miya a kan murhu da rumfata tsaye. Na dawo na tarar da tamfol shimfiɗe a ƙasa, igiyoyi duk a kwance, tukunyar miya ta kife a ƙarƙashinsa. Sama kuwa tas, rana na dukan ƙeya. Ban tambayi kowa ba, na tafi kai tsaye kan Hamsa.

"Ke tsohuwar nan, wa ya taɓa mini rumfa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana juya kifi. "Ni ta. Gobe ma in hadari ya taso ni kwance shi."

"Wane hadari? Ina hadarin yake?"

"Ya wuce ta garin Bana. Da nan ya biyo, da kin gani."

Na ɗaga kai na dubi sama, ko gajimare babu. Na gaya mata maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Ta gaya mini waɗanda suka fi su. Matan layi suka taru, kowacce na nuna tamfol tana magana a lokaci ɗaya, na ji ana ta cewa iska, iska. Mutanen da suka hana ni garwashi, yau su ne masu yi mini gargaɗi? Na ce wallahi baƙin ciki ne, inuwar ce ta tsaya musu a wuya.

Ranar Alhaji Idi ya biyo ta bakin ruwa duba kayansa, ya tarar da ni ina kwashe miya daga ƙasa. Ya girgiza kai cike da tausayi. "Na gaya miki, matanga ba su ƙaunar baƙo. Yau sun kwance, gobe su naɗe su sa a jirgi, sai Malanbil. In ba ki ba ni ajiya, to ki yi mishi ɗaurin da sai wuƙa." Ko da gangan ya faɗa, ko bakinsa ne kawai, Allah ya sani. Ni dai maganar ta zauna mini, don ta yi daidai da abin da zuciyata ke so.

Na yi wa tamfol ɗin nan ɗaurin goro. Kowace igiya na ja ta har tana ƙara in an taɓa, na ƙulla, na sake ƙullawa a kai, na jiƙa ƙullin na daddake shi da dutse. Bakin igiyoyin roba na narka su da garwashi suka manne. Shuɗiyar ma haka na yi mata a jikin dirkar tarayya, a saman ɗaurin Hamsa, ina yi ina kallon cikin idonta. Ta daɗe tana duban ƙullin. Ba ta yi zagi ba ranar, abin da ya ba ni mamaki. Ta ce kawai, "'Yar Kano, wanga dirka tawa ta ita ma."

Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru, na ce ai ga shi na yi maganinsu.

Ranar da abin ya zo, bayan azahar ne, zafi kamar a tafasa mutum. Ina zuba wa wani direba abinci sai na ji tashar ta canza. Masu jirgi suna ta jawo kwale-kwalensu gaɓa. Na waiga gabas na ga sama ta yi baƙi tun daga ƙasa, gindinta ja. A garinmu in hadari ya haɗo haka, mutum yana da lokacin kwashe shanya, ya kora awaki, har ya tsaya ya yi hira. A bakin kogi ba haka ba ne, ba gini ba bishiya da za su tare iska.

Sai na ga abin da jelar igiyar nan take nufi. Kowace mace ta miƙa hannu ta fizgi jela, ɗaya, biyu, rumfa ta kwanta a kan kayanta, ta hau bakin ta zauna. Kafin ka ce me, layin nan gaba ɗaya ya kwanta ƙasa kamar masu sujada. Rumfa ɗaya ce ta rage a tsaye, kuma ita ce ta fi kowace girma.

Na ruga kan ƙullin farko. Na sa farce, farcen ya karye. Na sa haƙori. Aikin hannuna ne, na san ba zai kwantu ba, amma na yi ta ja ina salati. Direbobin da ke cin abinci tuni sun tsere da kwanukana a hannu. Iskar ta iso da yashi da ruwa a tare, ta shiga ƙarƙashin tamfol ta kumbura shi, ya yi wata ƙara da na ji har cikin cikina. Turakun gabas suka tumɓuke ɗaya bayan ɗaya. Tamfol ya tashi tsaye, ya kifa ta kan wurin Hamsa, igiyoyinsa na bulala da turakun ƙarfe a bakinsu. Mata suna ihu suna rufe kai. Abin da ya riƙe shi a duniya shuɗiyar igiya ce kawai, ita kuma tana jijjiga dirkar tarayya kamar za ta cire haƙori.

A gindin dirkar nan Hamsa ta sauke kaskon suyarta, mai yana tafasa. Gefen tamfol ya sauko ya daki kaskon. Na ji ƙararta. Da na duba, tana riƙe da hannunta na hagu, mai ya wanke shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ta rarrafo cikin ruwan nan, ta cusa mini wuƙar gyaran kifinta a hannu.

"Yanke!"

Na dubi igiyar. Can sama a ƙarshenta ina hango ƙullin baban Sadiya yana rawa a jikin zobe.

"Yanke, ko shi kashe wani!"

Na yanke. Sara ɗaya, don igiyar a miƙe take kamar tsarkiya. Tamfol ya yi sama, ya juya, ya faɗa kogi. Iskar da ke cikinsa ta riƙe shi a kan ruwa kamar bayan wata dabba, ruwa ya ja shi ya yi ƙasa da shi wajen garin Tunuga, har ruwan sama ya rufe mini shi. Na zauna a cikin taɓo da wuƙa a hannu na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da gawar mai shi.

Ba wadda ta ce mini sannu. Aka kai Hamsa wurin magani, aka dawo da ita da hannu a naɗe. Washegari Sarkin tasha ya zo ya tsaya a filina, ya dubi sama inda rumfa take a da. Ya ce saboda maraici zai bar ni zuwa ranar kasuwa, in ban kafa rumfa ba akwai mai jira. Na yi ta dafa abinci a tsakiyar rana, ba mai zama ya ci. Hamsa tana suya da hannu ɗaya, ta juya mini baya. Na je na ce Inna ya hannu. Ta ce in tambayi bash ɗina.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, wata babbar mota ta shigo tasha daga hanyar Tunuga, ta tsaya a inda ake lodi. Motar Alhaji Idi ce. An rufe kayanta da koren tamfol. Na ajiye ludayi. Tamfol kore ba ɗaya ba ne a duniya, na gaya wa kaina haka, amma ƙafafuna sun riga sun tafi. Na zagaya motar, na ga facin da na yi da basilla da zaren buhu tun a gida.

Ban yi sallama ba. Ɗaurin mota na san shi, marigayi ya sha yi a gabana. Na kama igiyar farko na kwance, na kama ta biyu. Mutanen motar suka yo kaina, Alhaji ya fito daga rumfar masu shayi yana gyara hula.

"Ke, lafiya? Hauka kika yi?"

"Tamfol ɗina nake ɗauka, Alhaji."

"Wane naki? Naki kogi ya ci, kowa ya gani. Wanga wurin masunta na same shi, kuma bash kore ya cika duniya. Ina igiyar da kika cewa ta mijinki? Nuna muna."

Ya ja kusurwar ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Zoben yana nan, fayau. An yanke ƙullin. Nan ne na san ya san na wane ne, don ba wanda zai damu da guntun igiya sai wanda ya san shaida ce. Mutane sun taru, Sarkin tasha ya iso da sandarsa. Ya ce faci ba shaida ba ne, kowa na yin faci. Ya tambaya ko ina da mai shaida. Na dubi taron nan, direbobin da suka sha inuwata duk suka sunkuyar da kai, don wurin Alhaji suke samun lodi. Ni baƙuwa ce, shi ɗan gari.

Sai na ji ana ture mutane daga baya. Hamsa ce, da naɗaɗɗen hannunta, tana warin kifi. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya gaban motar ta ƙare wa tamfol kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar yadda take yi kowace safiya.

"Sarki, wanga la'anannen bash na 'yar Kano na."

Alhaji ya ce, "Haba Inna Hamsa, ke da ba ki ko shiri da ita?"

"Shiri? Allah shi kiyaye. Ni ba ni son ta, ba ni son bash ɗinta. Amma ba wanda ya san shi kamar ni, don tun da ya zo garinga ba ranar da ban zage shi ba." Ta nuna da haɓa. "Wancan baƙin, hayaƙin murhuna na, ni na sa mishi da gangan. Ku juya gefen can."

Aka juya. Ga wani babban tabo na mai, kogi bai iya wanke shi ba. Hamsa ta sa haƙori ta warware tsumman hannunta a gaban kowa, ta ɗaga ƙunar kusa da tabon.

"Ga rabin man nan, ga rabin nan. Alhaji, in naka na, to kai ka ƙone ni, sai mu tai wurin hukuma."

Wata daga cikin matan layi ta yi guɗa, sauran suka ɗauka. Ba don ni suka yi ba, na sani, Alhaji ne suka daɗe suna jin haushinsa. Sarkin tasha ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a sauke. Alhaji ya ce shi dama ajiye mini ya yi niyyar yi, matar ɗan'uwansa ce ni. Na ce Allah ya saka wa ɗan'uwan naka.

Matan da suka hana ni garwashi su suka kama mini muka kai shi fili, suna tafe suna mitar nauyinsa. Muka ɗora shi a kan dirkoki. Na bi kusurwoyi ina zura igiya, har na zo kan zoben nan. Na tsaya. Tsatsa ta zana wurin da ƙullin ya zauna shekara da shekaru. Na sa yatsa a ciki, ba abin da zan damƙa. Tamfol ya dawo, fili ya tsaya, amma abin da hannun baban Sadiya ya ɗaura yana can cikin kogi ko cikin juji, ban sani ba.

Hamsa ta gaji da jira. Ta ture ni da kafaɗa, ta ciro wata tsohuwar igiyar jirgi daga ƙugunta, mai ƙarnin kifi, ta zura a zoben. Hannu ɗaya ba ya ɗauri, sai ta ce in riƙe nan, in zagaya can, in cusa ninki, tana yi tana ce mini mai kan dutse. Muka ja igiyar zuwa dirkar tarayya, inda guntun shuɗiyar yake maƙale har yanzu, muka ɗaura a ƙarƙashinsa. Jela ta sauko tana lilo.

Na ce, "Inna, na gode."

"Riƙe godiyarki. In kinka sake yi mini ɗaurin mahaukata a dirka, ke zan yanka, ba igiya ba."

Ta koma wurinta ta hura wuta. Hayaƙin ya taso ya shigo rumfata kamar kullum. Na zauna a cikinsa, na riƙe jelar igiyar a hannu, na bar idona ya yi ta zubar da ruwa, duk wanda ya gani ya ce hayaƙi ne.